Firigon da Ba Ya Sanyi

Ina gaishe ku masu bin labarina, na cikin Maraɗi da na nesa. Wadda ta shigo yau ta nemi wuri ta zauna. In kina cin abinci ki ajiye cokali tukuna, don abin da na gani ranar Alhamis ɗin nan ni kaina har yanzu bai bar mani maƙogwaro ba.

Sunana Tahira, shekarata ashirin da shida. Ni da Innata muke zaune a Sabon Gari tun rasuwar Baba. Aikina haɗa rezo: in ja waya, in ɗaura na'ura, in sa odinatocin biro, wato kwamfutocin ofis, su ji maganar juna. Shekara biyu ke nan ina ƙarƙashin Mushe Ilyasu (mushe na Faransanci, wato malam), wani ɗan tsamurmurin mutum mai ƙaramin kamfani, wanda in ka bar bis ɗaya, ƴar ƙusar nan mai juyi, bai ɗauru ba sai ya yi sati yana tuna maka.

Mai nemana kuma Shamsu ne, ɗan Alhaji Barmo mai fataucin wake da aya. Wata biyar yana zuwa zance da farar motarshi, turarenshi na riga shi shiga zaure. Kada ku ɗauki alhakin Inna, ba ta taɓa cewa sai shi ba. Salonta daban ne. In na dawo aiki sai ta dubi jakar kayana, ta dubi ƙurar ƙafata, ta ja numfashi, ta ce Allah ya nuna mata ranar da zan riƙe wani abu da ba turnabis na ɗaure bis ba. Daga nan sai ta jero mani ƙannen bayana na Tsibiri da suka yi aure, da sunayen ƴaƴansu. Babbar hujjarta a kan Shamsu ita ce ya yi shekara uku a Kotonu yana karatun enformatik, ilmin odinata. Aikinku ɗaya, in ji ta, wanda ya san aikin ba zai hana ki shi ba.

To ni fa? Bari in tona ma kaina asiri. Wani saƙon waya ne ya ja ni.

Alhaji Barmo ya gina sabon biro mai bene, aka ba kamfaninmu aikin rezo. Sati biyu da suka wuce muka kai armuwar ɗin, wato doguwar akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi wadda ake jera na'urorin rezo a ciki, da ƴan fankoki a samanta suna fitar da zafi. Muka kafa ta a wani ɗan ɗaki mai kilim na sanyaya iska, muka sa ondile mai riƙe kuran in an ɗauke wuta a ƙasanta, muka tafi muna jiran siwic ya iso daga Yamai. Siwic shi ne uwar tafiyar, duk wayoyin gidan a bakinshi suke haɗuwa.

Kwana uku da yin haka Shamsu ya rubuto mani: "Enjiniya, firigon nan da kuka kawo mana ba ya sanyi ko kaɗan. A zo a duba."

Wallahi dariya na yi har da hawaye. Na nuna ma Mushe Ilyasu, shi da ba ya dariya sai da haƙoranshi suka fito. Na mayar mashi: "Sai an ɗura mashi gaz," na jera fuskokin dariya uku. Ya ce, "To ki taho da gaz ɗin." Na kwanta ina murmushi ni kaɗai, ina cewa ashe bayan turare da shadda akwai mutum mai barkwanci, wanda ya san aikinmu har yana mashi ba'a irin tamu. A satin nan na ce ma Inna su turo. Aka tsayar da magana: ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ƙannen Alhaji za su je Tsibiri wajen Kawu Idirisa, yayan Babana, neman aurena.

Laraba Inna ta zaunar da ni aka zana mani lalle, ja da baƙi har wuyan hannu. Na ce mata ina da aiki, ta ce aikin ya ci ƙaniyarshi.

Alhamis da safe siwic ya iso. Daidai lokacin aka kira Mushe Ilyasu Jiratawa, wai antenar wasu masu lambu ta faɗi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in je in ɗaura ni kaɗai, lokaci ya yi. Abu ɗaya ya maimaita mani har sau biyu: siwic mai baki arba'in da takwas ba a ɗaura shi da hannu biyu, sai huɗu. In sami mai riƙe mani, in fara da bis ɗin ƙasa. Na ce mashi ai ɗan gida ɗan sana'a ne, ya kwantar da hankalinshi.

Na sa atamfata koriya mai zanen ganye, na ɗora rigar aiki a sama, na yafa ɗan guntun hijabi ruwan toka don kada ya maƙale a ƙarfe. Inna ta tare ni bakin ƙofa sai da na sa ƴan kunnen zinarinta. Na hau kabu-kabu da kwalin siwic a cinya, ina jin kaina kamar wadda za ta karɓo takardar diploma.

Shamsu na tsaye gindin bene cikin shadda ruwan madara da ta sha aiki a wuya, salula biyu a hannu ɗaya. Ya ce sannu da zuwa amarya enjiniya. Bai karɓi kwalin ba. Ni na hau da shi matakala ashirin da biyu, shi yana gaba yana karkaɗa makulli.

Tun da ya buɗe ɗakin na ji wani abu. Kilim na aiki, ɗakin da sanyi, amma ƙarƙashin sanyin akwai wani tsami-tsami. Na ce ko ɓera ya mutu bayan waya. Na ajiye kwali, na jawo ƙofar gilashin.

Jama'a, sai da na ja baya na dafe bango.

A kan faifan ƙarfen tsakiya, inda na yi niyyar ɗora modem, kwanon sha ne babba da fura a ciki. Furar ta kumbura ta ture murfin, ta yi kore-kore a gefe, ta tsiyayo ta bi ginshiƙin armuwar har kan ondile, ta bushe a can ta yi ɓawo. Kusa da kwanon ga balangu a ƙunshe cikin takarda, man ya huda takardar ya daskare. Ga rabin kankana an kifa a kan wayoyin da na jera da hannuna, na manna ma kowace lambarta. Da haske ya shiga, kyankyasai suka watse, wasu suka shige ramukan ginshiƙi, wani ƙato ya tsaya a bakin kwanon yana kaɗa gashin baki. Zafin ondile ya dafa komai, fankokin sama kuma suna ta busa warin a fuskata. Na rufe hanci da baki da gefen hijabi.

Na juyo zan tambayi wane marar tsoron Allah ne ya yi wannan, sai Shamsu ya riga ni.

"Kin gani ko? Na gaya maki ba ya sanyi. Fura kwana biyu kawai ta lalace. Kin taho da gaz ɗin?"

Na dube shi. Na jira ya fashe da dariya. Na ba shi lokaci, wallahi na ba shi, har na fara ɗan murmushin taimako. Fuskarshi ba alamar wasa, fuskar mai ƙorafi ce wanda aka sayar ma kaya marar kyau.

Kun san yadda mutum ke ji in ya tauna tsakuwa cikin shinkafa? Haka na ji, amma a ƙirji. Saƙon da na karanta ya fi sau ashirin, wanda na kwana ina ma murmushi, wanda saboda shi na ce a je Tsibiri, ashe ba barkwanci ba ne. Da gaske yake.

Na naɗe hannun riga. Na nemi bokiti da tsumma da sabulu. Ya leƙa ya ce ma wani ya kawo, ya dawo ya toshe hanci da hankici yana zagin masu shara, wai ba su san aikinsu ba. Na kashe ondile, na zare shi, na durƙusa da lallena da ƴan kunnen Inna ina kankare busasshiyar fura da bayan turnabis. Minti arba'in na yi. Kowace waya sai da na goge ta, na sake rubuta lambobin da ruwan kankana ya cinye. Shi kau yana jingine da bango. Yana da wani dogon farce a ƙaramin yatsa, da can ina ɗaukarshi gayu ne. Ranar na ga amfaninshi. Ya zura shi a kunne, ya juya, ya fito da shi ya duba, sannan ya shafe a jikin armuwar ɗin da na gama wankewa yanzun nan. Na kau da kaina.

Na tambaye shi a hankali, ina matse tsumma, mi ya karanta ne a Kotonu. Ya yi dariya ko a jikinshi. Ya ce aji ya gundure shi tun watan farko, tashar jirgin ruwa ya koma wajen abokanshi masu harkar motoci, takarda kuma ai tana nan an buga mata hatimi, Alhaji ya sa ta a gilashi a falo. Ya ce yanzu Alhaji ya naɗa shi shugaban enformatik na kamfani gaba ɗaya.

"Shi ya sa na ce Allah ne ya haɗa ni da ke," in ji shi, yana wani lumshe ido. "In an ɗaura aure ai shi ke nan. Ke kina ciki kina yi, ni ina waje ina sa hannu."

Ƙyama ce ta kama ni, ba fushi ba. Fushi yana da zafi, wannan kuwa sanyi ne da yauƙi. Na ce a raina, Tahira, gama aikin mutane tukuna, sunan Mushe Ilyasu ne a jikin kwalin nan.

Na fito da siwic. Na ɗaura mashi kunnuwanshi, ƴan ƙarafa biyu masu lanƙwasa da ake sawa hagu da dama, su ne ke kama ginshiƙi. Na ƙirga ramuka daga sama, na hagu da na dama, na sake ƙirgawa, don in ka kuskure rami ɗaya siwic a karkace zai zauna har abada. Na bar layi ɗaya don iska da wucewar waya. Na cusa ekuru huɗu, ƴan ƙarafan da bis ke shiga ya kama, a ramukansu, ɗaya ya cije ni a yatsa kamar kullum. Sannan na dubi Shamsu na ce ya zo ya tallabe mani ta ƙasa, minti biyu kawai, har bis biyu na ƙasa su shiga.

Ya dubi hannun rigarshi, ya dubi ƙofa. Ya ajiye salulolin a kan kwali kamar mai ajiye ƙwai. Ya zo ya tallabe da ƴan yatsu, yana cewa ashe abin da nauyi. Na ce kada ya motsa. Na sa bis ɗin hagu, ya kama zagaye biyu. Na miƙa hannu ƙarƙashin siwic ɗin zan ɗauko na dama.

Sai muka ji takun takalmi da gyaran murya a bakin ƙofa.

Shamsu ya saki. Ba zamewa hannunshi ya yi ba, ina kallo ya zare su duka biyu, ya mayar baya ya harɗe, ya ɗaga haɓa kamar mai duba aikin lebura. Kilo bakwai na ƙarfe ya sauko mani a wuyan hannu. Na ji ƙas, kunnen hagu ya lanƙwashe a kan bis ɗin da ya fara kamawa. Na tare sauran da gwiwa da ƙirji, ban bari ya kai ƙasa ba. Gefen ƙarfen ya yanke ni daidai inda zanen lalle ya ƙare, jini ya biyo cikin furannin.

Alhaji Barmo ne a tsaye, dattijo baƙi mai farin gemu, da babbar riga shuɗiya da carbi. Sau ɗaya na taɓa ganinshi, daga nesa.

"Na ce mata ta bari a kira ƙato, Alhaji, ta ƙi," in ji Shamsu, muryarshi ko rawa. "Ka san hannun mace. Ni ina nan ina nuna mata yadda ake yi."

Ina durƙushe da siwic a ƙirji, jini na ɗiga a atamfata, na ji wannan magana da kunnena. Da ƙasa za ta buɗe, shi nake so ta haɗiye, ba ni ba.

Alhaji bai dube shi ba. Ya ce mashi ya sauka mangaza, wajen ajiyar kaya, ya tsaya a kan masu lodin wake, kada ya hawo sai an kira shi. Shamsu ya kwashi salulolinshi ya fita, turarenshi ya tsaya.

Na sauke siwic a kan kwali na gaishe da Alhaji yadda ya kamata. Ya amsa, ya miƙo mani hankicinshi fari tas ya ce in ɗaure hannun. Ya tambaya ko na'urar ta mutu. Na ce a'a, kunne ɗaya ne ya lanƙwashe, kuma ina da wasu a jaka, Mushe Ilyasu bai yarda mu fita ba su ba. Ya tsaya yana kallo na kwance lanƙwasasshen na jefa a aljihu, na ɗaura sabo. Da na gama sai na ga ya rataye carbi a wuya, ya naɗe hannayen babbar riga ya aza a kafaɗa.

"Ɗiyata, ina aka ce a riƙe?"

Na ce haba Baba, a kira wani cikin ma'aikata. Ya ce shekara tara ya yi yana dakon buhun gero a Jiratawa kafin ya mallaki jaki, wanga ɗan ƙarfe ba zai gagare shi ba. Ya sa tafin hannu biyu ya tallabe. Siwic ya tsaya cak, kamar an gina shi a wurin.

Na sa bis na farko. Muna kusa har ina jin numfashinshi. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ya daɗe a bakin ƙofa kafin ya yi gyaran murya, ya ga hannun da ya saki. Na sa na biyu. Ya ce kwanon can da ke cikin bokiti na ɗakin uwar Shamsu ne, ga jan fentin da take ma kwanoninta alama a gindi. Na ɗaure na biyun tam, na ce, "Baba, kana iya saki, na ƙasa sun ɗauka."

"Sai kin gama," in ji shi. Bai saki ba.

Ina juya na uku ya tambaye ni ko yaron nan ya san aikin ga. Kunya ta rufe ni. Ta yaya zan dubi uba in gaya mashi takardar da ya rataye a falo ba ta da komai a bayanta? Sai na ce, "Baba, ɗan ɗaga dama kaɗan." Alhali daman daidai take. Ya ɗaga, ya ja dogon numfashi, ya ce ya ji.

Saura bis ɗaya.

"Gobe ƙannena za su Tsibiri," ya ce. "Goro na ajiye, mota ta sha mai. Ni ɗana ne, ba ni da inda zan kai shi. Ke kau kina da inda za ki. Su tahi, ko su zamna?"

Na sa bis a rami. Na ga fuskar Inna. Na ga Kawu Idirisa da ya bar gonarshi kwana biyu yana gyaran zaure. Na ga matan layinmu da suka riga suka fara kirana amarya, da abin da za su ce ranar Asabar. Sannan na ga wurin da farcen nan ya shafa a jikin ƙarfe, ga shi nan daidai idona, ban kai ga gogewa ba. Na juya turnabis har sai da ciwon hannuna ya buɗe.

"Su zamna, Baba."

Ya ce to. Kalma ɗaya. Ya sauke hannuwanshi a hankali, ya warware riga. Ya ce wancan daban, aiki daban, rezon gidan nan ni zan ci gaba da dubawa in Mushe ya yarda. Na ɗaura wayar ƙasa, na mayar da ondile, na jera wayoyi kowace a bakinta bisa lamba, na kunna. Fitilu suka taso kore, ɗaya bayan ɗaya, suna ƙyaftawa. Alhaji ya daɗe yana kallonsu ta gilashi. Da zai fita ya juyo ya ce, wanga abu dai ba firigo ba ne ko? Na ce a'a Baba. Ya ce shi ma da bai yi karatun lakwal ba ya san haka.

A kan kabu-kabu salulata ta yi ta rawa a jaka. Da na sauka bakin layinmu na duba. Saƙo bakwai.

"Mi kika ce ma Alhaji?"

"Zufa hannuna ya yi, wallahi."

"Tahira ki ɗauka mana."

Na ƙarshen ne ya sa na tofar da yawu a kwata: "Kwanon Hajiya yana wajenki? Tana nema."

La'asar ta yi lokacin da na tura ƙofar gida. Ƙamshin suya ya tare ni tun daga zaure. Inna na tsakar gida a kan ƴar kujera, ta ɗaura sabon kallabi, kasko na kan wuta, dubulan ya cika tire biyu, na kai wa Tsibiri ne da sassafe. Tana ƴar waƙa ƙasa-ƙasa. Rabon da in ji ta tana waƙa tun Baba na da rai.

Ta ɗago da fara'a, idonta ya sauka a hankicin da ke hannuna da jinin da ya ɓata lallen. Ta ce mi ya same ni. Na zaro lanƙwasasshen kunnen daga aljihu na ajiye a gefen tire, na durƙusa gabanta. Na gaya mata a taƙaice: na ba shi riƙo na minti biyu ya saki a kan hannuna, ya ce ni ce, ubanshi ya tambaye ni ko a je gobe, na ce a zamna.

Inna ba ta yi salati ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta dubi ƙarfen, ta dubi tire biyun. Dubulan ɗin cikin kasko ya fara baƙi, ba ta kwashe ba. Can salularta ta yi ƙara a kan tabarma. Ta ɗauka ta kai kusa da ido ta karanta sunan, sannan ta miƙo mani.

"Kawunki ne. Tun ɗazu yake tambaya tabarma nawa za a shimfiɗa. Ungo, bakin da ya iya gaya ma Alhaji Barmo, shi zai gaya mashi."